Gonar Bokiti a Runjin Sambo

A shekarar da gwiwoyin Baba suka ƙi shi, ni da ƙanena muka haɗa baki muka ɗauko shi daga ƙauye zuwa gidana a Runjin Sambo. Ce masa muka yi asibiti za a je a dawo. Asibitin kam an je, dawowar ce ba ta cikin shirinmu. Likita ya duba hoton ƙashi, ya duba Baba, ya ce in ana son tsohon nan ya ƙarasa kwanakinsa yana taka ƙasa da ƙafarsa, to ya yi sallama da gona. Mu ma mun san da haka. A daminar da ta gabata makiyaya ne suka tsince shi zaune tsakanin kunyoyin gero, rana ta take, ya kasa miƙewa tun hantsi. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, ƙanena da ke can ƙauyen kuma direba ne, kwanansa a hanya ya fi na gida yawa. In Baba ya koma, wata faɗuwar ba lalle a sami mai tsintarsa ba.

Sai da muka shiga keke Baba ya kalli titi ya ce, "Wanga likita bai taɓa riƙa kalme yai noma ba." Can da muka yi nisa ya ƙara da cewa, "Ina zama. Amma ran da ruwan shuka yas sauka, ni kau na tahi."

Na san Baba. Abin da ya faɗa a keke, ko a gaban alƙali haka zai maimaita shi. Lokacin kuwa bazara ta soma kankama, wato tsakanina da ruwan shuka 'yan watanni ne.

Tsakar gidana siminti ce daga bango zuwa bango, aikin da na daɗe ina alfahari da shi. Baba ya dube ta ranar farko ya ce ko tsuntsu ya yar da ƙwaya a nan sai dai ya dawo ya ɗauki abarsa. Wuni yake yi a zaure bisa tabarma yana kallon kekuna da babura suna wucewa, da la'asar kuma ya dogara sanda ya fito ya dubi gabas. Tuwo yana komawa cikin gida kusan yadda aka kawo shi. Mai ɗakina ta sauya miya har ta gaji. Ni ne ɗan fari, don haka Baba ba ya kiran sunana, ba ya kuma yawan yi mini magana kai tsaye. In yana da abin faɗa, sai ya faɗa wa ragon layyar da muke kiwo a lungu, ni kuma in tsinta daga gefe. A wajen ragon nan na ji cewa birni wuri ne da mutum ke tsufa yana zaune.

Wata rana a ɗakin malamai, a makarantar da nake koyarwa, wani abokin aiki ya nuna mini bidiyo a waya. Wani Bature ne yake noma salak a cikin bokiti. Babu ƙasa ko ƙwaya ɗaya. Ganyen yana zaune bisa murfi, saiwoyinsa suna reto a cikin ruwan da aka narka wa taki, wani ɗan inji yana hura musu iska. Abin da ya kama ni shi ne mutumin bai duƙa ba tun daga farko har ƙarshe. Na ce a raina, ga gonar da za a noma daga kan kujera. In na sama wa Baba gona a tsakar gida, wataƙila ruwan shuka ya zo ya wuce yana nan.

Na shiga aikin da zafina, kamar yadda nake shiga komai. Na samo bokitan fenti wajen wani mai fenti a Sabon Gari, na wanke su har hannuna ya saɓule, na naɗe kowanne da baƙar leda domin in haske ya shiga ruwan, gansakuka ce za ta cinye takin. Na zafafa wuƙa na yanke rami a tsakiyar kowane murfi, na zafafa ƙusa na huhhuda kofunan roba irin na kunu, na cusa su a ramukan. Irin salak kuma na tsirar da shi a gutsattsarin soso, da ya fito na zaunar da shi a kofunan, na tokare da wankakkiyar tsakuwa. Injin iskan wajen masu kiwon kifi na same shi, da siririn tiyo, da wani ɗan dutse da ake maƙalawa a bakin tiyon yana fitar da kumfa. Takin gari ne iri biyu, mai sayarwa ya ja mini kunne cewa kowanne a narka shi daban kafin a zuba, in ba haka ba su dunƙule. Da yake wuta a unguwarmu baƙuwa ce, na jona injin a batirin ƙaramar solar gidan.

Da na kunna, ruwan ya ɗauki ɓul-ɓul-ɓul. Baba yana kan kujerar da na ajiye masa musamman. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juya wajen rago.

"Ka ga ikon Allah," ya ce. "An aza ma ganye tukunya, tana tahwasa babu wuta."

Na yi masa bayani cikin ladabi. Saiwa tana numfashi, in ta zauna a ruwa babu iska sai ta shaƙe, kumfar nan ita ce numfashinta. Da fari ruwan zai taɓa gindin kofin, in saiwoyi sun sauko sai a bar ɗan fili tsakanin murfi da ruwa. Baba ya gyaɗa kai irin na wanda yaro ke ba labarin aljanu.

Abin da Baturen bidiyo bai faɗa ba shi ne garinsu ba Sakkwato ba ne. Kafin azahar ruwan bokiti yakan yi ɗumin da za a yi wa jariri wanka da shi, ruwan ɗumi kuwa ba ya riƙe iska. Ganyen ya soma langaɓewa da rana. Na ja bokitan ƙarƙashin rumfa, na lulluɓe su da jiƙaƙƙun buhunan algarara, na kuma soma daskarar da ruwa a gorunan roba ina jefawa ciki kafin in tafi aiki. Nan na taɓo mai ɗakina, domin firij ɗin nan shi ne ofishinta, a ciki take sanyaya zoɓon sayarwa. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin gidan da ake fitar da zoɓo a sa wa ganye ruwan wanka ba. Baba kuwa ya sanar da rago cewa shi da ya haifi mai gida ruwan randa yake sha, salak kuma ƙanƙara.

Duk da haka na damƙa masa aikin. Na ce, Baba, ga gonarka. Ka riƙa duba kumfa, in buhu ya bushe ka yayyafa masa ruwa, in ruwan ciki ya sauka ƙasa da zanen nan ka ƙara. Ya ce to, irin to ɗin da ba ta kai ko'ina. Kwanaki suka wuce bai taɓa ko murfi ba.

Sai wata Juma'a na dawo na tarar ya ɗaga murfi ɗaya yana leƙe. Saiwoyin sun sauko farare tas, gwanin sha'awa, ni har na soma murmushin jiran yabo.

"Wagga saiwa tsirara take," ya ce, kuma wannan karon da ni yake. "Mi take ci?"

Na ɗauko ledar takin na nuna masa. Ya ɗebi kaɗan ya murza, ya kai hanci, ya sake kaiwa.

"Ba shi da wari."

"Haka yake, Baba."

Ya mayar da murfin a hankali, kamar mai rufa wa majinyaci bargo.

Daga ranar Baba ya sauya. Yana dawowa daga sallar asuba sai wajen bokitai. Ya daina zaman zaure. Kwanon tuwo ya soma komawa fayau. Har sharar lungun rago ya karɓa, yana zaune kan kujera 'yar tsugunno yana yi da guntuwar tsintsiya, ya hana kowa taɓawa. Na ji daɗi ƙwarai, na kira ƙanena na ce masa dabara ta ci. A ɗakin malamai kuwa na zama malamin noman ruwa, har ina zana bokiti a allo lokacin hutu.

Ba a daɗe ba ruwan ya soma sauya kala. Ya tashi daga garai-garai ya koma ruwan shayi, daga nan ya koma abin da ba zan kwatanta ba. Kumfa ta rage. Saiwoyin nan farare suka yi ja, suka yi yauƙi, in ka ja sai su tsinke a hannu. Wari kuma ya cika gida, har maƙwabcinmu ya yi sallama ya tambaya cikin dabara ko muna neman mai gyaran masai, yana da lambar wani.

Na ɗora laifin kan zafi, na ƙara ƙanƙara. Na ɗora kan 'yan ga-ruwa, na sauya rijiyar da ake ɗebo mana. Na ɗauki ledar takin na koma wajen mai sayarwa na zazzage masa abin da ke cikina a gaban mutane, bawan Allah yana ta rantsuwa. Na zubar da ruwan duka na haɗa sabo, kafin mako ya zagayo ya koma gidan jiya. A karo na gaba sai na kife bokiti ɗaya gaba ɗaya a bakin kwata don in ga abin da ke ƙasa. Ga su nan kuwa, ƙwala-ƙwala, sun jiƙu sun kumbura sun toshe ɗan dutsen kumfa. Kashin rago ne.

Na ɗaga kai na ga mai ɗakina a ƙofar kicin ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Kin sani?"

"Kullum da sahe," ta ce. "Sai ya yi bisimilla, ya zuba ma kowane bokiti cikin tahin hannu guda. Ba shi fifita wani bisa wani."

"Kuma kika yi shiru ina ta hwaɗa da mutane cikin kasuwa?"

"Malam, ni in kawo ƙarar Baba? Da wane baki?"

Ni mutum ne mai saurin fushi, ɗalibaina shaida ne. Amma babu inda ake kai fushin uba. Na wanke hannu, na fita, na taka da ƙafa har wajen Ƙofar Atiku cikin ranar nan ina magana ni kaɗai, na dawo na huce rabi. Na sami Baba a inuwa na durƙusa.

"Baba, na ga taki cikin ruwan."

"Yunwa sukai ji," ya ce, ko gezau. "Nid diba nig ga babu abin ci sai farin gari awa gishiri. Wa ka shuka bai kai taki ba? Tun kahin a haihe ka nike kai taki gona bisa jaki, ban ga hatsin da yam mutu ba."

Na ce a gona ƙasa ce take riƙe taki, ya ruɓe sannu a hankali, shuka ta ci a hankali. A cikin ruwa kuwa ruɓewar tasa ita ke cinye iskar, saiwa ta shaƙe ta mutu.

Ya auna maganar. "To, laihin ruwa na," ya ce. "Ba na taki ba."

Abin da ya hana ni ci gaba ba ladabi kaɗai ba ne. Fuskarsa na kalla. Tun da muka kawo shi ban ga idonsa da rai irin na makonnin nan ba, ashe duk kashe mini salak ne ya dawo da shi. Tausayinsa ya kama ni, dariya kuma tana cina. Nan take muka yi sulhu irin na masu rabon gado: bokiti ɗaya nasa ne, ya yi yadda ya ga dama da shi, sauran nawa ne, ba taki ba bisimilla.

Na wanke nawa tas, na dafa duwatsun kumfa, na sauya tiyo. Na haƙura da salak na koma alayyafo, wanda ya san zafin garinmu. Wannan karon abin ya tafi daidai. Na koyi sauya ruwan kafin ya gaji, na koyi tsoma wata 'yar takarda mai sauya kala don in ga ko ruwan ya yi kanwa-kanwa, in ya yi in ɗiga masa lemon tsami. Alayyafo ya tashi kore shar, ganye kamar tafin hannu. Mai ɗakina ta yanka ta yi miya, na zauna ina satar kallon Baba yana ci.

"Ya yi," ya ce. "Awa ganye."

Shi ke nan yabon da na samu. Gonar ruwa ta yi kyau, amma wanda aka yi dominsa ko kallonta ba ya yi. Ya gaya wa rago cewa abin da ba a yi wa gumi ba, ci ne kawai, ba noma ba.

Hankalinsa duka yana kan bokitinsa. Da ya zuba taki ya ga abin ya yi ruwa-ruwa, sai ya ce yana buƙatar ɗan abin da zai kama jikinsa. Ya kai maganar masallacin unguwa. Ashe tsofaffin sahun gaba duk 'ya'yan manoma ne da birni ya haɗiye. Suka soma zuwa bayan la'asar kowa da ƙullin leda, wannan ya kawo jar ƙasa daga inda ake gini, wancan yashi, wani har da ƙasar fadama da ya sa aka ɗebo masa daga bakin gulbi. Su kewaye bokitin fenti ɗaya suna gardama kan ko ta yi danƙo da yawa. Alayyafona yana gefe yana ta ɓul-ɓul, babu wanda ya ce masa sannu.

A haka ruwan bokitin Baba ya ƙare sarai, ƙasa ta kawo har baki. Sai ya sa ni, ni da kaina, na zafafa ƙusa na huda gindin don ruwa ya riƙa tsiyaya. Wato na kashe ƙarfina na kawo noman da babu ƙasa, mun zagaya mun dawo ga ƙasa a cikin bokiti. Da na zo zare tiyon iskan sai ya hana.

"Bar mashi," ya ce. "Kak ka yi mai rowa. Shi ma shi sha iska."

Haka aka bar tiyo a binne cikin ƙasa yana ta aikin banza. Kullum Baba yana juya ƙasar da tsohuwar muciya, yana tsince tsakuwa, yana murzawa a hannu. Amma bai shuka komai ba. Na kawo masa irin alayyafo, na kawo na kuɓewa, ya ƙi.

"Ba a shuka ruwa bai sauka ba."

"Ga ruwa cikin jarka, Baba."

"Ruwan sama nic ce."

Ruwan da bokitinsa ke jira shi ne ruwan da zai ɗauke mini Baba. Daga nan ni ma na koma duban gabas da la'asar, shi yana fatan hadari, ni ina tsoronsa. Ban taɓa zaton zan zauna a Sakkwato cikin bazara ina jin haushin gajimare ba.

Ya zo wata Talata da yamma. Ina aji iska ta soma buga tagogi, gabas ta yi baƙi ƙirin. Na hau babur a guje don in rufe bokitaina, domin in ruwan sama ya shiga ya tsinka takin, aiki ya koma baya. Kafin in gama janye inji da waya an tsuge. Ruwa ne na gaske, irin wanda ke cika kwata ya shigo zaure. Baba yana tsaye a ƙofar ɗakinsa, feshi yana jiƙa masa riga, ya ƙi matsawa. Bayan magariba ƙanena ya kira ya ce su ma sun samu, ƙasa ta sha har ta ƙoshi, gobe gari duka zai fita shuka. Baba ya karɓi wayar ya ce masa yana nan tafe. Da zan wuce na ga jakarsa a ɗaure a bakin ƙofa.

Da safe bayan mun dawo masallaci ya sa na fito masa da jakar tsakar gida. Ya kwance bakin jakar ya zaro wani ƙullin tsumma. Irin gero ne, zaɓaɓɓe, wanda ya taho da shi tun daga gida.

"Bari in sallami wanga tukuna," ya ce.

Ya dogara sanda har gaban bokitinsa. Ƙasar ta jiƙu ta yi baƙi. Ya soka gindin sandar ya yi rami, ya ɗebi iri da yatsu uku ya jefa, ko ƙwaya ba ta faɗi gefe ba. Sannan ya tsaya. Na ga ya ɗaga ƙafar dama, ta tashi kaɗan daga siminti ta koma. Ya sake gwadawa, sandar ta yi rawa.

"Baba, bari in ruhe da hannu."

"Hatsi ba a ruhe shi da hannu," ya ce. Ya nuna mini ƙafar. "Kama."

Na durƙusa na kama ƙafarsa da hannu biyu. Ban san ta rame haka ba. Ya dafa kaina don kada ya faɗi, na ɗaga ta a hankali har bakin bokitin, ina jin gwiwar tana ƙara, shi kuma ya cije bai yi ko tari ba. Ya ja ƙasa da gefen ƙafa ya rufe ramin, ya danna da diddige. Na sauke masa ita.

Ya daɗe a tsaye yana haki, hannunsa yana kaina, yana kallon sawun diddigensa a cikin bokitin fenti. Rami ɗaya ke nan, kuma sai da mutum biyu.

Daga baya ya ƙulle tsumman ya miƙo mini.

"Kai tasha ka ba direban garinmu shi kai ma ƙanenka. Ka ce shi hwara da gonag gabas, ta hi riƙon ruwa." Ya juya wajen kicin ya ɗaga murya kaɗan. "Ɗiyata, maida min jakag ga ɗaki."

Abin da na yi watanni ina nema ke nan, na kuwa samu, amma ban ji daɗin da na zata ba. Na sa ƙullin a aljihu na fita. Har na kai bakin titi na tsaida keke, mai keken ya tambaye ni inda za ni, sai da na share fuska da hulata sannan na ce masa tasha.